Filin Shari'a: Dokokin Hana Gantali da Laɓe-laɓe a Amurka, Suna Kan Ƙa'ida Kuwa?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk wuri guda suka dosa, wato dokokin da ke ba ɗan sandan Amurka damar kama mutum don kawai ya gan shi yana tsaye ko yana zagaye a inda hankalinsa bai kwanta da shi ba. Lauyoyin wannan fili sun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a jihar Jojiya. Ya ce mini an kama wani abokin karatunsa da dare a bayan wasu shaguna. Bai yi sata ba, bai yi faɗa da kowa ba, takardar tuhumar ta ce gantali da laɓe-laɓe kawai. Ni kuma na taɓa jin cewa Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki tuntuni. To yaya aka yi har yau ake kama mutane da su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne, amma dokokin iri biyu ne, kuma iri ɗaya kaɗai Kotun Ƙoli ta binne.

Na farkon su ne tsofaffin dokokin hana zaman kashe wando da Amurka ta gada daga Ingila. Bayan yaƙin basasar Amurka, jihohin kudu irin su Mississippi sun yi amfani da su tun daga 1865 wajen kama baƙaƙen fatar da aka 'yanta, a ci su tara, in sun kasa biya a tura su aikin ƙarfi. Ajalin waɗannan dokoki ya zo ne a 1972, a shari'ar Papachristou da birnin Jacksonville na jihar Fulorida. Dokar birnin ta jera masu laifi kamar haka: 'yan gararamba, masu yawon dare, mashaya, masu yawo daga nan zuwa can ba tare da halastaccen dalili ba, har da ƙaton da zai iya aiki amma ya zauna yana cin gumin matarsa. Hukuncin ya kai ɗaurin kwana 90 ko tarar dala 500. Daga cikin mutum takwas da suka kai ƙara akwai mata biyu farare da maza biyu baƙaƙe da aka tsayar a mota ɗaya suna hanyar zuwa gidan rawa, aka rubuta musu laifin laɓe-laɓe da mota. Alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar baki ɗaya suka yi fatali da dokar, Mai shari'a William Douglas ne ya rubuta hukuncin.

Iri na biyu shi ya shafi abokin ƙanenki. Tun a 1962 wata cibiyar masana shari'a ta Amurka ta fitar da samfurin kundin laifuffuka don jihohi su kwaikwaya, kuma sashe na 250.6 na samfurin ya sake wa laifin fasali. Talauci ko rashin aikin yi ya fita daga ciki. Abin da ya rage shi ne mutum ya kasance a wani wuri, ko a wani lokaci, ko ta wata siga da masu bin doka ba su saba ba, cikin yanayin da zai tayar da hankali game da lafiyar mutane ko dukiyar da ke kusa. Fulorida ta ɗauki wannan a 1972, shekarar da aka rushe dokar Jacksonville, ta sa shi a sashe na 856.021, kuma kotun ƙolin jihar ta amince da shi a shari'ar Ecker a 1975. Jojiya na da irinsa a sashe na 16-11-36, nata kotun ƙolin ya tabbatar da shi a shari'ar Bell a 1984. Wisconsin ma ta bi sahu a 1989 kan dokar birnin Milwaukee.

A wasu wuraren kuwa kalmomi kusan iri ɗaya sun sha ƙasa. Kotunan Oregon sun soke ta birnin Portland a 1972, Washington ta soke ta Bellevue a 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta Omaha a 1987, Idaho ta yi haka a 1990. Kotun Ƙolin ƙasa kuma ba ta taɓa zama ta raba wannan gardama kai tsaye ba. Saboda haka abin da aka kama yaron a kai laifi ne a Jojiya, mai ɗaurin da zai iya kai wata 12 da tarar dala 1,000, alhali da a wata jihar ya yi tsayuwar, dokar da za a tuhume shi da ita ma ba ta da rai.

Tambaya: Malamai, me ake nufi in an ce doka ba ta fito fili ba har ta saɓa wa kundin tsarin mulki? Ai kowace doka lauyoyi na jayayya a kan ma'anarta. Daga wani ɗalibin shari'a.

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa, kuma kotuna ba su ce sai doka ta zama lissafi ba. Tushen maganar shi ne gyara na 5 da gyara na 14 na kundin tsarin mulki, waɗanda suka hana gwamnati raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da bin ƙa'ida ba. Na 5 ya ɗaure gwamnatin tarayya, na 14 ya ɗaure jihohi da birane, kuma shi ne ke aiki a nan. Daga wannan ne alƙalai suka fitar da ma'auni biyu.

Na ɗaya, shin mutum mai matsakaicin hankali zai karanta dokar ya san abin da aka hana shi? Wannan ya samo asali tun shari'ar Connally a 1926, inda kotu ta ce dokar da sai an yi canki-canka kafin a gane ma'anarta ba doka ba ce. Na biyu, shin dokar ta gindaya wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara iyaka, ko ta bar musu wuƙa da nama? A 1983 Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta faɗa ƙarara cewa na biyun ya fi nauyi. Dalilin a bayyane yake: ba kowa ke karanta kundin laifuffuka kafin ya fita ba, amma kowa na iya haɗuwa da ɗan sanda. Doka mai harshen damo kamar koma ce da aka baza ta kwashe kifin kogi duka, sannan masunci ya zauna ya zaɓi wanda zai riƙe da wanda zai saki. Wanda ake riƙewa kuwa sau da yawa talaka ne, ko baƙo, ko wanda launin fatarsa ya bambanta da na unguwar.

Ka gwada shari'o'i biyu. A 1971 kotu ta soke dokar birnin Cincinnati da ta hana mutum uku ko fiye taruwa a gefen titi ta yadda za su dami masu wucewa. Abin da ya dami wani bai dami wani ba, babu ma'auni. Shekara ɗaya bayan haka, a shari'ar Grayned, kotun ta bar dokar birnin Rockford da ta hana hayaniya da gangan kusa da makaranta a lokacin karatu. Ita ma kalmominta ba su da kaifi sosai, amma ta faɗi wuri, ta faɗi lokaci, ta nemi ganganci, kuma akwai abin aunawa: an katse wa yara karatu ko ba a katse ba. Idan ka ɗauki kowace dokar gantali, waɗannan huɗun za ka nema a cikinta. Gwargwadon ƙarancinsu, gwargwadon rauninta.

Tambaya: Ni fa ina ganin lauyoyi na wuce gona da iri. In 'yan daba suka mamaye kwanar unguwa, tsofaffi da yara suka kasa fita, ba dole hukuma ta kore su ba? Sai an jira sun harbi wani? Daga wani magidanci.

Amsa: Alhaji, wannan hujja taka ita ce birnin Shikago ya kafa, kuma ba hujjar banza ba ce. A 1992 majalisar birnin ta saurari mazauna unguwanni da suka ce tsoro ya kulle su a gida, sai ta yi doka: idan ɗan sanda ya ga wanda yake da dalilin ɗauka ɗan daba ne yana tsaye da wani ko wasu ba tare da wata manufa da ta bayyana ba, zai umarce su duka su watse. Wanda ya ƙi, tara har dala 500, ko ɗauri har wata 6, ko aikin al'umma har awa 120. Cikin shekara uku an ba da umarnin watsewa fiye da 89,000, an kama mutum fiye da 42,000.

A 1999, a shari'ar Morales, alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka soke ta. Abin da ya kashe ta shi ne maganar manufar da ta bayyana. Bayyana ga wa? Mai shari'a John Paul Stevens ya kawo misalin ɗan daba da mahaifinsa suna tsaye a wajen filin wasan Wrigley: ko sun zo yi wa ɗan kallo ƙwace ne, ko sun zo hango ɗan wasan da suke so yana fitowa, in dai ɗan sanda bai gane dalilin tsayuwarsu ba, zai iya korarsu, da uban da ba ruwansa da daba. Abin dariyar ma, wanda ya fito fili yana sayar da ƙwaya ko yana razana mutane manufarsa ta bayyana, don haka kalmomin dokar ba su kama shi ba, sai mai tsayuwar shan iska. Ga kuma umarnin kansa: a watse zuwa ina, taku nawa, a dawo bayan minti nawa? Dokar ba ta ce komai ba.

Alƙalai uku sun ƙi yarda, Rehnquist da Scalia da Thomas, kuma Thomas ya tsaya ne kan abin da ka faɗa, cewa masu bin doka ne za su biya kuɗin wannan hukunci. Amma lura da abin da ya biyo baya. O'Connor ta nuna wa birnin hanyar gyara a nata ra'ayin, kuma a 2000 Shikago ta sake rubuta dokar: tsayuwar da ake nufi ita ce wadda mai hankali zai ga cewa an yi ta ne don 'yan daba su mallake wani yanki, ko su tsorata mutane daga shigarsa, ko su ɓoye haramtaccen aiki. Ka ga kotu ba ta hana korar 'yan daba ba. Ta ce a rubuta abin da suke yi, kada a bar shi ga abin da ɗan sanda ya raya a ransa.

Tambaya: A jihohin da dokar ke aiki, me mai gabatar da ƙara zai tabbatar kafin a samu mutum da laifi? Kuma ina shari'ar ke yawan lalacewa? Daga wata mai karatu a Fulorida.

Amsa: Malama, a nan ne aikin yake, domin yawancin waɗanda suka kuɓuta daga wannan tuhuma ba da hujjar kundin tsarin mulki suka kuɓuta ba, da raunin shaidar ɗan sanda ne.

Laifin ƙafa biyu gare shi, kuma dole a tsayar da kowace. Ta farko, hali ko wuri ko lokacin da ba a saba gani ga masu bin doka ba. Ta biyu, yanayin da zai sa mai hankali ya ji tsoron cewa ana dab da cutar da wani ko dukiyarsa. Dokar Fulorida ta ambaci alamu uku da za a iya dubawa: mutum ya ruga da ganin ɗan sanda, ko ya ƙi faɗin ko shi wane ne, ko ya yi ƙoƙarin ɓoye kansa ko wani abu. Alamu ne kawai, ba su ne laifin ba.

Sai matakin da aka fi tsallakewa. Kafin kamu, sai dai in mutumin ya gudu ko yanayi bai ba da dama ba, wajibi ne ɗan sanda ya ba shi damar kore zargin, ya tambaye shi sunansa da abin da ya kawo shi. In bai yi haka ba, doka ta ce ba za a same shi da laifi ba. Haka nan in ya ba da bayani ɗan sanda ya ƙi yarda, daga baya a kotu ta tabbata bayanin gaskiya ne kuma da an yarda da shi da hankali ya kwanta, nan ma babu laifi. Wannan ne ya sa lauya zai fara da neman hoton kyamarar da ke maƙale a rigar ɗan sandan, da rikodin kiran da aka yi wa lambar gaggawa ta 911, da rahoton kamun, ya jera su minti bayan minti.

Ɗauki hali biyu. Ƙarfe biyu na dare, ɗan sanda ya hangi mutum yana bin motocin da aka ajiye yana jan hannun ƙofa ɗaya bayan ɗaya, yana haska ciki da fitila, da ya ga motar sintiri sai ya durƙusa bayan shinge. Wannan zai yi wuyar karewa. Ga wani kuma ƙarfe biyun dai, zaune a motarsa a gaban shagon da aka rufe yana latsa waya, rahoton ya ce unguwar ta yi ƙaurin suna wajen sata kuma mutumin ya nuna alamar ruɗewa. A nan ƙafa ta biyu babu ita, domin dare da sunan unguwa ba aikin da mutumin ya yi ba ne. Kotunan Fulorida sun sha nanata abubuwa uku: dole ɗan sanda ya iya faɗin takamaiman abin da ya gani, dole ƙafafun biyu su faru a gaban idonsa, ba labarin maƙwabci kawai ba, kuma dokar laifin da ke shirin faruwa take kallo. Ba a yi ta don a riƙe wanda ake zargi da fashin jiya alhali babu shaidar da za a tuhume shi da fashin ba, ko da yake haka ake yawan amfani da ita.

Ra'ayinmu shi ne waɗannan dokoki da facin alƙalai suke rayuwa. Kalmar abin da masu bin doka ba su saba ba ba ta fi ta Shikago fitowa fili ba. Ma'aikacin dare, mai rashin barci da mai raba kaya duk suna cikinta. Abin da ya cece ta shi ne ƙafa ta biyu da damar yin bayani. Amma waɗannan a kotu suke aiki, ba a bakin titi ba. Kafin alƙali ya ce babu laifi, mutum ya kwana a tsare, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya biya beli, wataƙila an ja motarsa. A Fulorida mafi girman hukuncin kwana 60 ne da tarar dala 500, shi ya sa da yawa ke amsa laifi don su koma gida. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya yi wannan gaggawar: tun shari'ar Padilla a 2010 wajibi ne lauyansa ya faɗa masa abin da amsa laifin zai jawo wa takardun zamansa.

Tambaya: In an tsayar da ni, dole ne in nuna katin shaida? Daga wani direba.

Amsa: In kana tuƙi, Malam, lasisi dole ne. In a ƙafa kake, sai an bi matakai. Tun shari'ar Terry a 1968 ɗan sanda na iya tsayar da kai na ɗan lokaci in yana da zargi mai tushe. In babu shi, ba za a hukunta ka don ka ƙi faɗin sunanka ba. Haka kotu ta yanke a 1979 kan wani mutum da aka tsayar a wani lungu a El Paso ta jihar Texas.

Sai Edward Lawson, baƙar fata mai son tafiya a ƙafa da dare a San Diego ta jihar Kalifoniya. An tsayar da shi ko an kama shi kusan sau 15 tsakanin Maris 1975 da Janairu 1977, sau biyu kawai aka gurfanar da shi, sau ɗaya aka same shi da laifi. Dokar Kalifoniya ta ce mai yawo ya ba da shaidar da za a amince da ita, kuma lauyoyin jihar da bakinsu suka yarda cewa ɗan sandan da ke wurin ne zai ce ta wadatar ko ba ta wadatar ba. A 1983 alƙalai bakwai cikin tara suka soke ta. Amma a 2004, a shari'ar Hiibel, biyar cikin tara suka amince da dokar Nevada, domin ita suna kawai ta nema, a faɗa da baki, kuma bayan an tsayar da mutum bisa zargi mai tushe.

A aikace: ka tambaya cikin ladabi ko an tsare ka ne ko kana iya tafiya. In an ce kana iya tafiya, ka tafi a natse. Kada ka ruga, domin a 2000 kotu ta ce gudu ba gaira ba dalili a unguwar da laifi ya yi yawa na iya zama tushen zargi. In an tsare ka, ka faɗi sunanka na gaskiya. Sunan ƙarya laifi ne dabam. Bayanin abin da ya kawo ka kuwa ba za a tilasta maka ba, amma in gajere ne kuma ana iya tabbatar da shi nan take, kamar lambar gidan da za ka kai saƙo, yakan kashe maganar. In ya fara tsawo, ka yi shiru ka nemi lauya.

Tambaya: In kotu ta soke dokar bayan an kama mutum, abin da aka samu a aljihunsa ya faɗi ke nan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Yawanci a'a, ɗan'uwa. A birnin Detroit an kama wani mutum don ya yi ta sauya suna, aka laluba shi aka sami ƙwaya, daga baya kotun jihar ta ce dokar da aka kama shi da ita ba ta fito fili ba. A 1979, a shari'ar DeFillippo, Kotun Ƙoli ta ce kamun na nan daram, domin ba aikin ɗan sanda ba ne ya yi hasashen dokar da za a soke gobe, don haka ƙwayar ta shiga shaida. Tuhumar gantalin ce kaɗai ke faɗuwa.

Hanyar da ta fi kai wa ga fitar da irin wannan shaida ita ce a nuna cewa ko a ƙarƙashin dokar kamun bai cika sharaɗi ba: babu ƙafa ta biyu, ko ba a ba da damar bayani ba. In kamun ya rushe ta nan, laluben da ya biyo bayansa ma ya rushe. Lauya zai shigar da buƙatun biyu tare kafin a fara sauraron shari'a, ta soke tuhuma da ta fitar da shaida, kuma zai rubuta hujjar rashin fayyacewar doka tun a kotun farko ko da ya san alƙalin Jojiya ko Fulorida zai ƙi ta, don kada a ce masa a kotun ɗaukaka ƙara ya makara.